Na'ana'ar Inna Falmata

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni ƙauyen Barebari in ɗebo saiwar na'ana'a ba, ko da yake abin ya haura shekara ashirin. Ku da kuka tarar da ita ta cika bakin tafkin nan, kuna tsinka ku murza a hannu ku wuce, ba ku san wahalar da aka sha kafin ta zauna ba. Ba ku kuma san ni ne na kusa raba ƙasar nan da ita ba. Tunda yau mun tashi aiki da wuri, ku zauna in gaya muku yadda aka yi.

Akwai baƙi a cikinku, saboda haka bari in fara da yadda gandun yake a wancan lokaci. Gandun na hakimi ne, shi kuwa hakimi a birni yake zaune kamar sauran 'yan'uwansa, sai a yi shekara biyu bai tako nan ba. Tsakaninmu da shi akwai jakada, mai zuwa da saƙo ya koma da amfanin gona. Daga jakada sai Sarkin Gandu. Shi ke raba aiki, shi ke riƙe da rumbuna, shi ke hukunta mai laifi. Sarkin Gandu na lokacin sunansa Barka, dattijo ne mai ƙarancin magana, ba ya zagi amma ba ya maimaita umarni. Ni kuwa bacucane ne, wato a gandun aka haife ni, iyayena bayin gidan ne. Ba a cika sayar da bacucane ba, amma idan ya yi babban laifi ana iya ɗauke shi a kai shi wani rinji mai nisa, wato wani ƙauyen bayi, ya bar matarsa da 'ya'yansa a baya. Wannan ne abin da kowannenmu ya fi tsoro.

Ina da shekara talatin da 'yan kai aka damƙa mini lambu, da mutum shida a ƙarƙashina. Aikinmu yakan fara bayan kaka, idan ruwan tafki ya soma ja da baya. Mu share fadama, mu yanka kwami-kwami, mu kafa jigo a bakin ruwa. Mutum ɗaya yana kan jigo yana ɗebo ruwa da guga yana juyewa a magudana, wani yana can da fartanya yana buɗe wa kowane kwami baki, in ya ƙoshi ya toshe ya buɗe na gaba. Albasa muke yi da alkama, da ɗan tafarnuwa. Kwamin albasa bayan kwana uku ake ba shi ruwa, in ka yawaita ta ruɓe. Tun ina yaro nake wannan aiki, albasata kuwa ta yi suna har kasuwar Kunci. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗauki kaina da girma. Gani nake babu tsiron da za a kawo mini in kasa raya shi.

Arewa da mu, inda kuke hango tsamiyoyin can, nan ne ƙauyen Barebari. Kakanninsu daga Barno suka zo, sun daɗe har jikokinsu ba sa jin Barbarci sosai. Ba bayin kowa ba ne, noma suke yi da fatauci. A nan Inna Falmata take. Tsohuwa ce doguwa, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana fatauci ba ya zama. Bayan gidanta akwai kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini tun da, wani ɓaure ya yi masa inuwa ta gefe guda. A bakin wannan kududdufi na'ana'arta take, ta kewaye ta da shingen ƙaya saboda shanu. Faɗin wurin bai wuce tabarma huɗu ba. A iya sanina, duk ƙasar nan babu ita sai a nan. Uwarta ce ta zo da saiwar daga Barno a cikin jiƙaƙƙen tsumma, tana rage ruwan shanta a hanya tana yayyafa mata. Mata sukan je wajenta idan ciki ya kumbura ko mura ta kama yaro, ta tsinko musu su dafa. 'Yata ta fari ma, da ta yi ciwon ciki har muka fara fid da rai, can matata Ladi ta kai ta, Allah kuma ya ba da sauƙi.

Daga jakada abin ya faro. Ya zo gandu cikinsa ya ɓaci, aka karɓo masa ganyen aka dafa. Da ya ji ƙanshin sai ya ce ai wannan ce Larabawan birni ke sawa a shayi, su kuwa busasshiya suke samu daga ayari, wadda ta yi watanni a cikin taiki. Hakimi yana da aboki Balarabe, attajiri, wanda yake son ya faranta wa rai. Jakada ya tafi da ɗan ƙulli. Bayan kwana goma ya dawo da saƙo: a dasa ta a lambu, ana son kwando guda na ɗanyen ganye ya isa birni kafin babbar salla, daga nan kuma duk wata. Saura wata uku salla, ita kuwa a ƙarshen bazara ta faɗo a shekarar.

Sarkin Gandu ya kira ni ya ce, "Tanko, gobe ka je wajen tsohuwar nan ta ƙauyen Barebari, ka gaishe ta, ka ɗebo saiwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na tafi da jakai biyu da mutum biyu. Inna Falmata ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Na isar da saƙon hakimi. Ba ta ɓata rai ba. Ta ce, "To, madalla. Ai abin Allah ne." Ta ɗauki wuƙa ta kai ni bakin kududdufi, ta durƙusa ta zura hannu cikin laka, ta jawo wata farar saiwa mai gaɓa-gaɓa, ta yanka. Ta yi ta yin haka har ta cika ƙwarya. Ta miƙo mini ta ce, "Wannan ta ishe ka. In ka sa ta inda take so, kafin wata biyu za ka rasa inda za ka kai ta."

Na dubi ƙwaryar, na tuna kwandon da ake jira a birni, na tuna wata uku. Na ce a raina in na kwashe duka na dasa, ai rabin aiki ya ƙare, ga ganye nan a jiki, sai dai in jira ya ƙaru. Na ce mata, "Inna, duka aka ce in kwaso."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Umarni ne daga birni."

Ta ce, "Ka bar mini ko da faɗin tafin hannu ne, ɗan nan. Akwai masu jego biyu a ƙauyen nan."

Na ce, "Idan ta kama a wajenmu, ni da kaina zan dawo miki da ninkinta."

Ta wanke hannu, ta koma gindin ɓauren ta zauna. Muka buɗe shingen ƙayar don jakai su shigo, muka sa fartanya. Na iya aikin lambu, saboda haka ban bar komai ba. Har da hannu na bi lakar ina tsince ƙananan saiwoyi. Muka cika mangala biyu. Da za mu tafi na yi mata sallama, ta amsa. Shingen kuwa haka muka bar shi a buɗe, ban ko waiwaye shi ba.

Da na koma gida da la'asar, Ladi ta ji ƙanshin a jikina tun daga bakin danga. Ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ce, "Me ka bar mata?" Na ce aikin gandu ba na mata ba ne. Ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yanzu ga yadda na dasa ta, ku ji ku kiyaye. Na zaɓi kwami shida a saman lambu, kusa da ƙofa, inda duk baƙon da ya shigo zai fara gani. Wurin jigawa ne, ƙasa mai yashi, rana tana dukansa daga fitowa har faɗuwa. Na zuba takin awaki da toka kamar yadda nake yi wa albasa. Na sa a riƙa ba ta ruwa bayan kwana uku, shi ma kamar albasa. Saiwar ma sai da ta kwana ta wuni a cikin mangala kafin mu gama gyara kwamin. Tsohuwar ta ce mini "inda take so", ni kuwa ban buɗe baki na tambaye ta ina ne ba.

Kwana bakwai na farko ganyen ya langaɓe, na ce ai haka dashe yake. Kwana goma sha biyar, gefen ganye ya soma ƙonewa. Na koma ba ta ruwa kullum da safe. Amma yashi ba ya riƙe ruwa, kafin azahar ƙasar ta bushe ta ɗau zafi kamar kasko. Na kafa zana don inuwa, amma na makara, zafin bazara ya riga ya shigo. Ranar da dashen ya cika wata guda da 'yan kwanaki, na tona kwamin farko da hannu, na ciro saiwa baƙa, na murza ta ta zama gari. Na tona na biyu, har na shida. Babu mai rai ko ɗaya.

Na daɗe a zaune a bakin kwamin nan. Abin da ya fara zuwa raina shi ne rinji mai nisa, da Ladi da yara uku. Sai daga baya wani tunani ya biyo, wanda ya fi wancan nauyi. Abin da mace ta ɗauko daga Barno da ruwan shanta, 'yarta ta raya shi shekara da shekaru, ni na kashe shi a wata guda.

Na je na gaya wa Sarkin Gandu. Ya saurara har na gama. Ya ce, "To, koma wajen tsohuwar ka ƙaro."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu saura a wajenta. Duka na kwaso."

Ya ce, "Ni na ce maka duka?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Saura kwana hamsin jakada ya zo. Je ka."

Washegari na kama hanya ni kaɗai. Ina tafe ina sa rai ko wata 'yar saiwa ta kuɓuce mini ta toho. Da na zagaya bayan gidan sai na ga abin da na yi. Shanun ƙauyen sun sami ƙofa, sun mai da wurin mashaya, sun tattake bakin kududdufin, rana kuma ta busar da shi ya tsattsage. Ko ciyawa babu.

Na same ta a ƙofar gida tana kaɗa zare. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar yadda take amsa wa kowa, ta sa aka kawo mini ruwa. Ta ce, "Ka kawo ninkin da ka ce?"

Na ce, "Inna, ta mutu."

Ta ci gaba da murza mazari. Ta ce, "A ina ka sa ta?" Na gaya mata komai, jigawa, taki, toka, ruwa bayan kwana uku. Ta girgiza kai ta ce, "Albasa ka ɗauke ta."

Na ce, "Akwai wata magana kuma. Ba wanda ya ce mini in kwashe duka. Ni na faɗa da bakina, na jingina wa birni."

Nan ta ajiye mazarin. Ta ce, "Na gane tun ranar. Na ga yadda kake bin laka da hannu, ba kamar mai aikin dole ba." Sa'an nan ta tambaye ni abin da za a yi mini, na gaya mata. Ta tambayi yarinyar da Ladi ta taɓa kawo mata, na ce tana nan lafiya, har ta fara ɗaukar tulu. Ta ce, "Tafi, ka dawo gobe."

Da na dawo ta ce, "Akwai inda zan samo. Amma kada ka tambaye ni ina ne, kada ka biyo ni, kada ka sa a biyo ni."

Na ce, "Inna, ko in raka ki saboda hanya?"

Ta ce, "Kai ɗan aike ne. In ka sani za a tambaye ka, in an tambaye ka za ka faɗa, su ma a je musu da fartanya. Rashin sanin ya fi maka."

Daga nan ta ba ni aikin da zan yi kafin ta dawo. Da farko nata wurin: in mayar da shinge, in fasa ƙasar da shanu suka danƙare, in matso da wurin dashen kusa da ragowar ruwa. Sa'an nan namu tafkin. Ta ce, "Ka bi bakin ruwa da ƙafa. Inda ka taka ƙafarka ta nutse zuwa idon sawu, ka ɗaga ka ga ruwa ya taso a sawun, nan ne. Ta sami ranar safe, bayan azahar inuwa ta rufe ta. Ba taki, ba toka, lakar tafki ta ishe ta. In ruwa ya ja baya, ka haƙa masa 'yar hanya ya biyo ta. Ka kuma nemo fasassun randuna ka cire gindinsu, ka binne su a laka bakinsu ya ɗan fito, a ciki za ka dasa. In ba haka ba, za ta bi ƙarƙashin ƙasa ta cika maka magudana, ta shaƙe albasarka." Ina ji ina mamaki, abin da na kashe da hannuna wai shi ne za a yi wa katanga don kada ya ci lambu. Amma wannan karon ban yi gardama ba, na maimaita mata duk abin da ta faɗa har ta ce daidai ne.

Ta ari jakin maƙwabcinta, ta bi wasu mata masu zuwa kasuwa. Daga kasuwa kuma ba wanda ya san inda ta nufa. Tsohuwa ce wadda ta doshi saba'in, ga tsakiyar zafin bazara.

A gandu daga safe har azahar aikin hakimi muke yi, bayan azahar kowa ya nufi gayaunarsa, 'yar gonar kansa. Wannan lokaci nawa shi na mayar na ƙauyen Barebari. Na saro ƙaya na ɗaure shinge, na fasa ƙasa, na ɗebo laka daga tsakiyar kududdufi na shimfiɗa. Mutanen ƙauyen suna wucewa suna kallona, ba mai ce mini sannu, ban kuma ga laifinsu ba. Randuna kuwa Ladi ce ta samo. Ban roƙe ta ba. Na dawo wata rana na tarar ta jera guda shida a bakin danga, ta bi gida-gida ta karɓo, ɗaya ma tata ce mai ɗan tsagu wadda take amfani da ita har lokacin.

Kwana biyar shiru, kwana bakwai shiru. A na takwas na kasa cin abinci. Na daina tunanin jakada, abin da nake tunani shi ne in tsohuwar nan ta faɗi a hanya, wa ya kashe ta? Ran na tara da la'asar ina bakin kududdufi na hango jakin. Da ƙyar aka sauko da ita, ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya tsattsage. A cinyarta akwai ƙwarya, an rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ƙi shiga gida. Ta sa na riƙe ta har bakin ruwa, ta buɗe tsumman. Saiwa goma sha biyu ce, kowace ba ta wuce tsawon yatsa biyu ba. Ta ce, "Tawa ce farko." Ta dasa shida da hannunta, a kwance, ta rufe su da laka kaɗan. Ta miƙo mini sauran shidan.

Kwana biyu bayan haka ta hau jaki ta zo tafkin nan don ta ga aikina. Ta tuɓe takalmi ta taka lakar da kanta. Ta sa na tone randa biyu na matsar da su, wai inuwa ta yi musu yawa. A ranar ta koya mini yanka. Ba a tumɓuke ta, ba a fizge ta. Sai ta kai tsawon taƙi ɗaya na hannu, ka sa wuƙa ka yanke daidai saman gaɓa, inda ka yanka biyu za su fito.

A kwana na takwas na ga toho, ɗan ƙarami, ja-ja, a randa ta uku. Daga baya wasu huɗu suka fito, ɗaya ta ƙi. Kullum sai na zo na duba su kafin in fara wani aiki. Suka yi kyau, amma ni da Sarkin Gandu duk mun san ba za a sami kwando ba.

Jakada ya iso saura kwana biyar salla. Da hantsi aka kira ni zauren Sarkin Gandu. Na zo da ɗan ƙulli wanda kaurinsa bai wuce wuyan hannu ba, na naɗe shi da ganyen bado. Na durƙusa na ajiye.

Jakada ya ce, "Ina kwandon?"

Na gaya masa duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya saurara ransa a ɓace. Ya ce, "To, a je a yanke duk abin da ke cikin randunan, a haɗa da na wajen tsohuwar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka yanke yau, babu na watan gobe. Ta wajen tsohuwa kuwa, in za a taɓa ta sai dai a aiki wani. Ni na riga na yi sau ɗaya." Ban taɓa mayar wa na gaba da ni magana ba sai ranar.

Ya ce, "Yaushe bawa ya fara zaɓen aike?" Ya juya wajen Sarkin Gandu ya ce a kira masa tsohuwar. Tunda ta samo wannan, akwai inda take da yawa, a can za a cika kwando.

Ta zo bayan azahar, tare da mai unguwarsu. Jakada ya gaishe ta da girmamawa, don bai manta ganyenta ne ya gyara masa ciki ba. Ya ce, "Inna, a ina kika samo?"

Ta ce, "A wajen wadda na taɓa ba."

Ya ce, "Wace ce?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka zo mini da fartanya ni kaɗai na san abin da na ji. Ba zan kai wa wata wannan ba. In ganye hakimi yake so, ya yi haƙuri wata biyu, zai samu har ya gaji. In saiwa yake so, ai an riga an kawo masa mangala biyu."

Jakada ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Ba baiwa ba ce, ba yadda jakada zai yi da ita. Ya sallame ta, ya dawo kaina. Ya ce zai tafi da ni, hakimi ya ga rinjin da ya dace da ni. Sai Sarkin Gandu ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, laifi ya yi shi, ba na kare shi. Amma yau a gandun nan shi kaɗai tsohuwar ta koya wa. In ka tafi da shi, wa zan sa? Kwandon watan gobe fa kai za a tambaya." Jakada ya jujjuya ƙullin a hannu. Daga ƙarshe aka yanke cewa a karɓe lambu daga hannuna a ba Audu, ɗaya daga cikin waɗanda ke ƙarƙashina, ni kuma in koma kan jigo, in ci gaba da kula da randunan.

Rani biyu na yi ina jan guga, Audu yana ba ni umarni. Da farko abin ya yi mini ciwo, daga baya na saba. Da damina ta sauka, maganar tsohuwar ta tabbata. Na'ana'a ta cika randuna ta tsallako, muka fara aika kwando duk wata. Ba a yi shekara ba Balaraben nan ya bi ayari ya koma ƙasarsu, bai sake dawowa ba. Daga birni aka daina tambaya. Wata rana jakada ya zo ya ga randunan, har yana tambayar mene ne wannan aka shuka.

Inna Falmata ba ta ƙara samun lafiyar ƙafa ba tun daga wannan tafiya. Duk Juma'a bayan aiki nakan je in gyara mata shinge, in yanke abin da ya tsufa, in buɗe wa ruwa hanya. Haka na yi shekara shida har Allah ya karɓi abinsa. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe. Amma ba ta ƙara barina na shiga wurin da fartanya ba, da wuƙa kawai nake aiki, tana zaune a gindin ɓaure tana kallo.

Da aka mayar mini da lambu na kafa ƙa'idar da kuke bi yau. Duk wanda ya zo neman iri, ko na'ana'a ko albasa, a ba shi. Duk wanda aka aika neman iri a wajen wani, ya karɓi abin da aka miƙo masa, ya tambayi yadda ake rainonsa kafin ya tashi, ya kuma rufe shinge in zai fita. Abin da na fahimta shi ne, mai lambu yakan iya abu ɗaya sai ya zaci ya iya duka, alhali kowane tsiro da inda yake son zama, kuma wanda ya daɗe da shi ya fi ka saninsa ko da bai taɓa riƙe kwami ba. Na kuma ga cewa na sama yana iya son abu yau gobe ya manta, amma ɓarnar da kai ɗan aike ka yi da sunansa, kai da mutanen da kuke zaune tare za ku zauna da ita.

Ana saura 'yan watanni ta rasu, na je na same ta a kwance. Muka yi hira, ta tambayi Ladi da yara. Na ga ranta a sake, sai na ce, "Inna, yanzu ai ba mai neman ta a birni. Ina kika je waccan shekarar?"

Ta yi murmushi ta ce, "Har yanzu kai ɗan aike ne, Tanko."

Har yau ban san ko wace ce matar nan ba, ban kuma san garinsu ba. Kowace ce, ganyenta muke sha.